Kurkunun Gwaggo Zuwaira

Kakata Khadijatu ce ta fara ba ni wannan labari, Allah Ya jiƙanta. A Kibiya ta ba ni shi, wata rana da la'asar, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Yau ga shi ni ma na zama kaka, na ce bari in rubuta muku. Karatuna bai yi nisa ba, don haka kada ku tsaya duba hannuna. Ku dubi abin da ke ciki.

A Kahu abin ya faru, da daɗewa. Turawa ba su jima da shigowa Kano ba. Mutanen ƙauye suna jin labarinsu, amma da yawa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Babu asibiti a kusa, babu mota. In ciwo ya kama mutum, danginsa ne gatansa. In ba shi da dangi, sai wanda Allah Ya taɓa zuciyarsa.

A lokacin akwai wani ciwo da ake kira kurkunu. Ku ba ku san shi ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce fara, doguwa, siririya kamar zare. A ruwan kududdufi ake shan ta, amma mutanen wancan zamani ba su san haka ba. Da damina ta kama, sai ƙafar mutum ta yi bororo, ta riƙa zafi kamar an ɗora garwashi. Bororon ya fashe, kan tsutsar ya leƙo.

Ba a fizgo shi. A sillen kara ake naɗe shi, kaɗan yau, kaɗan gobe, har ya fito duka. In ya katse a cikin jiki kuwa, to, sai addu'a.

A garin akwai wata tsohuwa, Iya Laraba. Ita ce take bin marasa lafiyar da ba su da mai duba su. Ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyan ta. Wata damina kurkunu ya kwantar da mutane da yawa, har aikin ya fi ƙarfinta. Sai ta ɗauki sandarta ta nufi makarantar allo ta Malam Dalhatu.

"Salamu alaikum. Malam, na zo roƙo."

Malam ya yi dariya ya ce, "Iya, ke da kullum kike bayarwa, yau ke ce da roƙo?"

"Ƙafa biyu gare ni, Malam, su ma sun tsufa. Ka ara mini yara masu hankali. Su ɗebo wa marasa lafiya ruwa, su share musu ɗaki. Wanda na ga yana da nutsuwa, in koya masa naɗin kurkunu."

Malam ya juya wajen yara. "Kun dai ji. Aiki ne don Allah. Mai so ya je ya tambayi iyayensa."

Kafin ya rufe baki, wata yarinya ta miƙe tsaye.

Yarinyar nan ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan. Tana da tausayi, tana da zafin nama. Amma tana da gaggawa, kuma tana son a ce da ita, "Kai, yarinyar nan ta iya!"

Da ta koma gida ta faɗa wa iyayenta. Innarta ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke? Ke da ba kya iya jiran tuwo ya huce?"

"Inna, wallahi zan iya."

Babanta yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗago kai ya ce, "Na yarda ki je. Amma ki sani, mara lafiya ba 'yar tsana ba ne, da za ki ajiye in kin gaji. In kin ce za ki zo, zai kafa wa ƙofa ido yana jiran ki."

"Na ji, Baba."

Ta ji da kunne. Bai kai zuci ba tukuna.

Da gari ya waye Iya Laraba ta kai ta wani ɗan ɗaki a bakin gari. Mai ɗakin ita ce Gwaggo Zuwaira. Mijinta ya rasu. Da kaɗin auduga take ci. 'Yarta ɗaya tak a duniya, Fatu, tana aure a Dawaki.

Gwaggo Zuwaira tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafar dama. Ta kalli yarinyar ta taɓe baki.

"Laraba, wannan 'yar tsakon kika kawo mini? Ita za ta yi jinyata, ko ni zan yi renonta?"

"Ke dai bakinki ba ya ciwo," in ji Iya Laraba. "Miƙo ƙafar."

Ta kwance tsumman da ke idon sawun. Yarinyar ta ga sillen kara, da farin abu naɗe a jikinsa. Ta yamutsa fuska.

Iya Laraba ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. "Gyara fuskarki. Tana kallon ki."

Yarinyar ta gyara.

Iya Laraba ta jiƙa wurin da ruwan ɗumi. Ta jira. Sannan ta kama sillen da yatsu biyu, ta murza shi a hankali.

"Kawo hannunki, ki ji. Kin ji yana biyowa?"

"Na ji, Iya."

"To, yanzu fa?"

"Ya tsaya."

"In ya tsaya, ke ma ki tsaya. Ba a gardama da shi. Ki shafa man kaɗe, ki ɗaure, sai gobe. In kuma kika ga abin da ba ki gane ba, ki zo ki kira ni. Ko salla nake, ki tsaya a bayana har in sallame."

Haka aiki ya fara. Kullum da sassafe yarinyar tana can. Ta cika randa, ta share ɗaki, ta dama kunu. Da farko a gaban Iya Laraba take naɗin. Da Iya ta ga hannunta ya faɗa, sai ta bar mata.

Mata a bakin rijiya suka fara yabon ta. "Ga 'yar Iya Laraba nan! Allah Ya yi miki albarka." Yarinyar sai ta ji kamar ta ƙara tsawo.

Gwaggo Zuwaira ma ta saba da ita. Ta daina ce mata 'yar tsako, ta koma ce mata ƙawata. Wata rana ta sa ta ta sauko da wata ƙwarya daga rataye.

"Buɗe ki gani."

A ciki akwai yaji, da kanwa, da wani zanen saƙi fari sol.

"Fatu ce ke da ciki," in ji Gwaggo Zuwaira. "Na fari. Da a nan ya kamata ta zo ta haihu, amma kin ga ɗakin nawa, yoyo yake. Sai surukanta suka ce ni in je. Ni zan yi mata wankan jego. Zanen nan da hannuna na kaɗa zarensa. Da shi za a goya jikana."

Ta shafa zanen ta ce, "Wannan la'anannen kawai nake jira ya fita."

Bayan 'yan kwanaki, Alu mai jaki ya biyo. Shi ne yake kai kanwa da gishiri tsakanin Kahu da Dawaki. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Gwaggo, an ce in faɗa miki watan Fatu ya tsaya. Yau ko gobe ne. Jibi zan koma, in za ki bi ni."

Gwaggo Zuwaira ta rikice. Da Iya Laraba ta leƙo, ta kama mata zane.

"Laraba, ki cire mini shi yau."

"Ba zai yiwu ba. Saura kaɗan, Zuwaira. Ki ƙara haƙuri. In ba ki riski haihuwa ba, kya riski suna."

"Suna? Wa zai riƙe mata hannu?"

"Allah. Ni zan tafi wata ruga, akwai mai jiki. Sai na kwana biyu. Ga ƙawarki nan, ta san abin yi."

Da safe yarinyar ta zo kamar kullum. Ta jiƙa ƙafar, ta jira, ta murza sillen. Ya biyo kaɗan, ya tsaya. Ta kai hannu za ta ɗauki man kaɗe.

"Ƙawata," in ji Gwaggo Zuwaira, "ƙara murzawa."

"Gwaggo, ya tsaya."

"Ai na sani. Ja shi. Jelar ce kawai ta rage."

"Iya ta ce in ya tsaya, in tsaya."

"Iya ce ke da 'ya a Dawaki? Laraba ta tsufa, tsoro ya yi mata yawa. Hannunki ya fi nata laushi, ni da ake yi wa na sani." Sai hawaye suka zubo mata. "Ita kaɗai gare ni. Ki taimake ni, don Allah."

Yarinyar ta tsaya da sillen a hannu. Tausayi ya kama ta, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani abu kuma. Ta hango kanta a bakin rijiya, mata suna cewa, "Ita ce ta cire abin da Iya Laraba ta kasa."

Gwaggo Zuwaira ta runtse ido, ta kau da kai. Yarinyar ta murza. Ya ƙi. Ta ƙara murzawa.

Sai ta ji sillen ya yi sakayau a hannunta.

Ya katse. Ragowar ta koma ciki tana kallo.

"Ya fita?" in ji Gwaggo Zuwaira, idonta a rufe.

Yarinyar ta ce, "Ya kusa, Gwaggo. Sai gobe."

Ta mayar da sillen kan ciwon. Ta ɗaure da tsumma kamar yadda ta saba, yadda ba wanda zai gane. Ta fita ko sallama babu.

Yarana, kuskure ɗaya ta yi da hannu. Amma wanda ta yi da baki ya fi shi girma, kuma bai tsaya nan ba.

Da gari ya waye ta ƙi tashi. Innarta ta ce, "Ke, rana ta yi. Ba za ki wajen Zuwaira ba?"

"Kaina ke ciwo, Inna."

Innarta ta taɓa goshinta. Babu zafi. Ta dube ta, ta koma aikinta.

Da yamma a makaranta Malam Dalhatu ya tambaye ta, "Yaya jikin Zuwaira?"

"Da sauƙi, Malam."

Ta sunkuyar da kai a kan allonta. Ko harafi ɗaya ba ta gani.

Kashegari ma ba ta je ba. Aka zuba mata tuwo, ta tsakura ta bari. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida, sai ta zabura.

Ranar da ta biyo, da hantsi, aka yi sallamar da take tsoro. Iya Laraba ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaisa da Inna, ta zauna a kan turmi, ta buɗe tafin hannunta. Sillen ne.

"Zo nan, 'yata. Yaushe ya katse?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ita ce ta ce in ja! Wallahi ita ce ta ce!"

"Na sani. Ta faɗa mini da bakinta. Mara lafiya zai iya ce miki ki ba shi wuta ya sha. Shi ya sa ake ajiye mai lafiya kusa da shi."

Innarta ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Dama ciwon kan ke nan?"

Iya Laraba ta ci gaba. "Katsewar ba ita ta fi ba ni ciwo ba. Ni ma ya taɓa katsewa a hannuna. Da kin rugo ranar kin faɗa, ko ga innarki, da an aiko mini. Da an gasa ƙafar, an sa magani da wuri. Wataƙila da ba ta kai haka ba. Na same ta ƙafar ta kumbura kamar turmin nan, jikinta kamar wuta. Randa ba ko ɗigo. Da rarrafe ta kai ƙofa tana kiran mutane, ba wanda ya ji. Kowa yana gona, kowa ya ɗauka kina can."

Babanta ya shigo tun ana cikin magana. Ya ji komai. Yarinyar ta ɗauka duka za ta sha. Bai taɓa ta ba.

"Tashi," ya ce. "Mu je ki ga aikinki."

"Baba, ina jin tsoro."

"Ita ma ta ji tsoro, ita kaɗai. Ke ga ni tare da ke. Tashi."

Suka tarar da Baballe wanzami a ƙofar ɗakin. Ya sa wani siririn ƙarfe a wuta. Sakiya zai yi, wato ya huda kumburin don mugunyar ta fita. Yarinyar ta tsaya a waje. Ta ji ƙarar da Gwaggo Zuwaira ta yi. Kakata ta ce har yarinyar nan ta tsufa ba ta manta da ƙarar ba.

Da aka gama, babanta ya tura ta ciki. Ta durƙusa.

"Gwaggo..."

Gwaggo Zuwaira ta juya fuskarta wajen bango. "Ku fitar mini da ita."

Ba a jima ba Alu ya dawo daga Dawaki da albishir. Fatu ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Fatu ta yi ta tambayar ina innarta.

Yarinyar tana raɓe a jikin danga, tana leƙe. Ta ga Gwaggo Zuwaira ta sa an sauko da ƙwaryar. Ta fito da farin zanen, ta ninke shi, ta kai shi hancinta, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙa wa Alu.

"Ka kai mata. Ka ce wata ta yi mata wankan. Ka ce ban ƙi ba."

Aka yi suna babu Gwaggo Zuwaira. Abin da ya wuce ke nan, ba ya dawowa. Wannan ko kukan duniya aka yi ba zai gyaru ba.

Yarinyar ta daina zuwa rijiya in da mutane. Ba wanda ya zage ta. Shirun ne ya fi zagin ciwo. Wata rana bayan an tashi karatu, ta ƙi tafiya.

"Malam, Allah zai yafe mini?"

"Allah mai gafara ne," in ji Malam Dalhatu. "Ƙaryar da kika yi mini kuma, na yafe. Amma haƙƙin Zuwaira, Zuwaira ce mai yafewa."

"Ta ce ba ta son gani na."

"Ta ce ba ta son ruwa a randarta?"

"A'a."

"To. Ba da baki kaɗai ake neman gafara ba. Da ƙafa ma ana nema."

Yarinyar ta je wajen Iya Laraba ta tambaya ko za ta iya komawa. Iya ta ce, "Ruwa da shara. Ƙafar kuwa kada ki taɓa, sai ranar da na ce."

Tun daga ranar, kullum da sassafe sai ta ajiye tulu a bakin ƙofa. Ta share waje, ta ajiye itace, ta yi sallama. Ba a amsawa. Gobe ta dawo. Babu mai ce mata sannu yanzu. Babu mai kallo ma. Ta ci gaba da zuwa.

Wata safiya ruwa ya tsuge tana cikin shara. Ta tsaya a jikin bango tana rawar sanyi. Sai ta ji murya daga ciki.

"Ke, 'yar tsako! Za ki tsaya nan mura ta kama ki, a ce ni na kashe ki? Shigo ki tara mini ƙwarya, ɗakin nan yoyo yake."

Ta shiga. Ta tara ƙwarya, ta janye tabarma daga inda ke ɗiga. Sannan ta durƙusa.

"Gwaggo, ki yafe mini. Na ja, na ɓoye, na gudu."

Gwaggo Zuwaira ta daɗe tana kallon ta. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Ja ɗin, rabin laifin nawa ne. Ni babba, na sa yarinya a gaba da kuka. Amma da kika gudu..." Ta numfasa. "Na yi ta kallon ƙofar nan. Duk motsin da na ji, sai in ce ga ƙawata."

Yarinyar ta kifa kai tana kuka.

"Ya isa haka. Ɗakin na yoyo, ke ma kina yoyo, a ina zan kwanta? Na yafe miki. Tashi ki dama mini kunu, na Laraba kullum da gudaji."

Daga nan ta koma cikin ɗakin. Ciwon yana wari, ba ta yamutsa fuska ba. Ita ke wanke tsummoki, ita ke fitar da kaskon fitsari. Mata a rijiya suka fara tambaya, "Wai da gaske ƙafar ta ruɓe?" Sai ta ce, "Tana samun sauƙi. In kuna so, ku je ku gaishe ta." Ba ta ƙara ko kalma.

Ƙafar ta fara warkewa. Gwaggo Zuwaira ta fara dogara sanda, ta fara maganar bin Alu. Sai wata safiya yarinyar ta ga wani ɗan bororo a ɗaya ƙafar. Wani kurkunun ne.

Gwaggo Zuwaira ta yi sauri ta rufe da zane.

"Ƙawata, ba ki ga komai ba. In Laraba ta ji, za ta sake kwantar da ni. Ki bari in je in ga jikata, in na dawo a yi."

Yarinyar ta ji tausayin nan ya sake taso mata. Ta haɗiye shi.

"Gwaggo, na gani, kuma zan faɗa wa Iya."

"Ke! Haka za ki saka mini?"

"Ki yi fushi da ni, Gwaggo. Gara ki yi fushi kina da ƙafa."

Ta fita da gudu. Ta sami Iya Laraba tana sallar walaha. Ta tsaya a bayanta har ta sallame.

Iya Laraba ta zo ta duba. Da kan ya leƙo bayan kwana biyu, ta yanko sabon sille. Ba ta naɗa da kanta ba. Ta miƙa wa yarinyar.

"Karɓi."

Yarinyar ta ɗago kai. "Iya, ni?"

"Ke. Yanzu kin san nauyinsa."

Wannan karon kaɗan-kaɗan aka yi. In ya tsaya, ta tsaya. Gwaggo Zuwaira ta yi mita har ta gaji. Ranar da ya fito duka, har jela, ba wanda yarinyar ta je ta faɗa wa a rijiya. Ta wanke hannu, ta ɗauki tsintsiya.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da Fatu ta yi arba'in. Kun san in mai jego ta yi arba'in takan fita gaida dangi. Wata rana da hantsi sai ga jakin Alu, Fatu a kai, da goyo a bayanta cikin farin zanen nan.

Gwaggo Zuwaira ta ƙi a kama ta. Ta dogara sandarta ta fito har bakin danga da ƙafarta. Ƙafar dama ba ta ƙara miƙewa daidai ba. Har ta bar duniya tana ɗingishi. Amma ta tsaya a kanta, ta karɓi jikarta, tana dariya tana hawaye.

Yarinyar ta koma gefe za ta sulale.

"Ina za ki? Zo nan." Gwaggo Zuwaira ta juya wajen 'yarta. "Fatu, ga ƙawata. Ita ce ta hana ni zuwa sunanki, ita ce kuma ta sa kika same ni a tsaye." Ta ɗora mata jaririyar a hannu. "Riƙe ta a hankali. Wannan ba a ja."

Kowa ya yi dariya, har Iya Laraba.

Jaririyar nan, yarana, ita ce kakata Khadijatu. A bakin Gwaggo Zuwaira ta ji labarin, tana ƙarama.

Yarinyar kuwa ta girma. Da Iya Laraba ta rasu, ita ce ta ɗauki sandarta. Duk wanda ba shi da mai duba shi a Kahu, ita ake kira. Na tambayi kakata sunanta. Ta ce, "Wanda ya tuba ba a tallan sunansa." Ba ta faɗa mini ba, ni ma ba ni da abin faɗa muku.

Ga abin da nake so ku riƙe. In kun ɗauki jinyar wani don Allah, kun ɗauki amana. Tausayi kaɗai bai isa ba. Ku yi haƙuri, ku tsaya inda aka koya muku, ko da mara lafiyar yana roƙon ku da kuka. In kun yi kuskure, ku faɗa nan take, kafin ya kumbura. In kun ce za ku zo, ku zo. Ba don a yabe ku ake yi ba.

Ranar da kakata ta ba ni labarin, muna da wani maƙwabci, Baba Gajere. Tsoho ne, idonsa ya tafi, 'ya'yansa duk suna Kano. Da gari ya waye na tambayi innata, ta ce in je. Na ɗauki ɗan tuluna na cika masa randa, na share masa ƙofa.

Ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Jikar Khadijatu ce, Baba."

"Gobe ma za ki zo?"

Na buɗe baki zan ce kullum zan zo, sai na tuna. Na ce, "Bari in tambayo Inna, Baba. In ta yarda zan dawo in faɗa maka." Na ruga gida na tambaya, ta yarda. Na koma na tsaya a ƙofarsa ina haki, na ce, "Baba, gobe ina nan."